Tukunyar da Ba Ta Kwana da Kunu

A gidanmu na Kafin Hausa akwai wata baƙar tukunya mai faɗin baki, ba a taɓa ta sai don kunu. Kakarmu, wadda yara da manya muke ce wa Iya, ta kafa mata doka guda: kunun zaƙi ba ya kwana a cikinta. Ko rabi ya rage, da an sallame isha'i za ta sa a leƙa waje a kira almajirai, a juye musu a kwanukansu, a ɗauraye tukunyar a kife ta a gindin rumbu. Ina yaro na ɗauka kyauta ce kawai irin ta tsofaffi. Sai wata damina gwaggona, tana budurwa a lokacin, ta ɗura kunu a gora, ta toshe da totuwa, ta tura ƙarƙashin gado don ta sha da safe. Gari ya waye aka tafi gonar shinkafa, ta manta. Bayan kwana biyu muna zaune sai muka ji fau! Totuwa ta doki ƙasan gado, kumfa ta biyo ta, wani wari mai hawa ka ya cika ɗakin.

Iya ta leƙo, ta shaƙa sau ɗaya, ta ce, "Ke 'yar nan, giya za ki dafa mini a gida ina raye?"

"Wallahi Iya kunu ne."

"Shekaranjiya kunu ne."

Na girma ina juya wannan amsa a raina, domin tarihin abin sha a ƙasarmu kusan duk yana cikinta. Hatsin ɗaya ne, ruwan ɗaya ne, tukunyar ma ɗaya ce. Kwanaki ne suka raba halal da haram, kuma matan da ba su taɓa riƙe alli ba sun san inda iyakar take fiye da mai awon gona.

Akwai wani yanki a gaɓar tekun Sifaniya da ake kira Galisiya, inda ruwan sama ya zama ɗan gida. Mutanensa masunta ne, sun kuma yi suna wajen korar kifi da wani farin ruwan inabi mai ɗan tsami. Faransawa sun mai da abin sana'a: a manyan gidajen abincinsu akwai wanda aikinsa ke nan, ya dubi abin da baƙo zai ci ya gaya masa kwalbar da ta dace. A kudancin Najeriya, inda damina ke kai wata takwas, bammi ne abokin farfesun kifi. Mu ba mu da teku, addini kuma ya raba mu da giya. Amma muna da ruwa iya ruwa. Kogin Kano da na Chalawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗejiya, da ya iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasarmu sai ya rasa gaɓar da za ta riƙe shi, ya rarrabu, har reshe guda ya ɗauki sunan garinmu. Daga Agusta zuwa Satumba fadama takan zama tafki, tarwaɗa da karfasa su shigo har cikin gonakin shinkafa. Duk mutanen da ke cin kifi haka, dole su nemi abin kora. Mun nema, mun samu, sai dai ba mu taɓa ɗaukar abin a matsayin ilimi ba.

Kafin a zo nan, sai an yi maganar da ba a cika son yi a zaure ba. Bahaushen da can ya sha giya, kuma ya iya dafa ta. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa manyan mutanen Barbushe a gindin Dala kowa da sana'arsa: ga maƙeri, ga mai magani, ga mai gadin gari, ga kuma Bugazau mai dafa giya. Wato sana'ar tana da kujera a fada kamar ƙira. Maguzawan ƙasar Kano da Katsina sun riƙe ta har zamaninmu. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ya tarar giya na cikin tsafinsu da bukukuwansu. Aikin mata ne. A jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a lulluɓe har ta tsira, a shanya tsiron a niƙa, a dafa, a bar shi ya yi tsami, a sake dafawa, sannan a zuba ɗan ragowar tsohuwar giya a bar tukunya ta tashi. Kusan mako guda ake yi. Ranar gayya, mai gona ba ya biyan kuɗi, tulunan burkutu yake ajewa a inuwa da abin taɓawa na nama.

Duk wanda ya taɓa ganin ana kunun zaƙi na gargajiya zai ce ai wannan hanyar ya san ta. Ya san ta kuwa. Kafin sukari ya yi arha, zaƙin kunun daga tsiro yake fitowa, ko daga busasshen dankali. Iya takan jiƙa 'yar shinkafa ko dawa ta bar ta ta fitar da farin baki, ta shanya, ta daka. Ta dama gasarar gero da tafasasshen ruwa ta yi kauri kamar za a tuƙa tuwo, ta jira zafin ya sauka har yatsa ya iya jurewa, sannan ta zuba garin tsiron. Kana kallo kaurin zai sake, ya tsinke, zaƙi ya fito daga inda ba a zuba komai mai zaƙi ba. Tsiron ne ke narkar da sitacin hatsi ya mai da shi sukari, kuma daidai wannan matakin masu dafa giya a ko'ina cikin duniya suke bi. Daga nan hanya ta rabu. Mai kunu ta tace, ta sa citta da kanumfari, a shanye a yau. Mai giya ta ba yis kwanaki ya cinye zaƙin ya haifar da maye.

Musulunci ya daɗe a wannan yanki kafin jihadi, ga Borno a gabas, ga Kano a yamma, amma ya daɗe yana zaman haƙuri da tsofaffin al'adu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya sa shan abin da suka ga dama, halal ko haram, cikin laifuffukan da ya lissafa wa sarakunan Haɓe. A nan ƙasar ƙananan sarautu ne a lokacin, irin su Auyo da Haɗejiya da Garun Gabas. Jihadin da ya tashi a 1804 ya iso ta hannun Umaru da ƙaninsa Sambo, har Sambo ya zauna a Haɗejiya wajen 1808 ya haɗe ƙasar. Daga nan tulun giya ya fita daga fada ya koma bayan gari, a hankali ya yi ta ja da baya.

Dokar Iya ma ashe tana da asali a littafi. Da na fara karatun Risala a zauren malaminmu, sai ga wani babi ya kawo hani ga jiƙa tsimi a cikin duma, saboda yana saurin tashi a cikinsa. Na yi dariya har Malam ya ɗago kai ya ce, "Kai ɗan nan, lafiya?" Na ce, "Allah gafarta Malam, gorar gwaggona na tuna." Ibn Abi Zaid ya rubuta littafin nan a Ƙairawan fiye da shekara dubu da suka wuce, ya rasu a 996, amma kamar yana ɗakinmu ranar da totuwa ta tashi. A Sahihu Muslim kuma an ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi, ya sha har yammacin kwana na uku, abin da ya rage ba ya ƙara sha. Iya ba ta jira kwana uku ba. Ta san zafin Kafin Hausa.

Turawa da suka zo, ba su ɗaga wannan shinge ba, ƙara masa ƙaya suka yi. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana kai barasar kwalba yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma Arewa ta faɗa cikin wannan layi, alhali a kudu harajin barasa ne ke riƙe da baitulmalin gwamnati. Haɗejiya ta faɗa hannunsu ranar 25 ga Afrilu 1906, bayan yaƙin da Sarki Muhammadu ya yi shahada. Su dai suna shan abinsu a bariki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya zarce Nguru a 1930 ta Malam Madori, ya kwashi gyaɗa ya kawo baƙi, kowa da al'adarsa. A 1949 aka fara ɗura giyar Star a Legas, a 1963 kamfanin ya buɗe masana'anta a Kaduna. Sai ga wani abin mamaki a 1988: gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, masu giyar kwalba suka rasa abin dafawa, suka juyo kan dawar Arewa. Manomin da ko warin giya ba ya so ya auna dawarsa a kasuwa, mota ta ɗauka, ba ya tambayar inda za ta sauka. Sana'ar Bugazau ta koma masana'anta, hatsinta kuwa ya bi ta a buhu. Jigawa da aka ƙirƙira a 1991 ta ƙaddamar da shari'a a 2000, aka rufe abin da ya rage na mashaya a fili.

To, giya ta tafi. Tsami bai tafi ba, kuma shi ne ginshiƙin teburinmu, in har tabarma tebur ce.

A ɗauki tarwaɗa. Kifi ne mai kitse, mai santsi, mai ƙarnin laka, musamman wadda aka kama a kududdufin da ambaliya ta bari. Iya ba ta taɓa sa ta a tukunya ba sai ta murje ta da toka ko tsamiya. In miya ce, yakuwa ake nema, don ganyen na ɗauke da tsaminsa, a sa daddawa, a ci da tuwon shinkafa. In soyayya ce ko gasasshiya, da garin yaji a gefe, to ruwan tsamiya ake jiƙawa tun hantsi, a tace, a ɗan sa mazarƙwaila da masoro, a aje a bakin randa ya yi sanyi. Ka ci loma biyu, maiƙo ya lulluɓe baki, ka kurɓa, sai ka ji harshe ya wanku kamar ba ka fara ba. Masana sun ce abin da ke ba kifi ƙarni tsami ne ke karya shi, shi ya sa Bature ke matsa lemon tsami a kan kifinsa, shi ya sa mutumin Galisiya ya zaɓi ruwan inabi mai tsami. Iya dai abin da take cewa shi ne, "Kifi ba ya tafiya shi kaɗai."

Karfasa ba ta buƙatar wannan ɗawainiya. Namanta fari ne, ba nauyi, farau-farau ma ya ishe ta, wato ruwan da aka ɗan kaɗa gumba a ciki. Banda kuwa, kifin da ya sha hayaƙi har ya yi baƙi, irin wanda ake cika kwali da shi a kasuwar kifi ta Haɗejiya ana lodawa zuwa kudu, gidansa miyar kuka ce da tuwon dawa, kuma ba a korar wannan da komai sai ruwan randa. Na taɓa ganin wani baƙo ya nemi lemon kwalba a kan miyar kuka da banda. Baffana ya dube shi, ya dubi kwalbar, bai ce uffan ba, amma har baƙon ya tafi bai sake yi masa tayin komai ba.

Doka mafi tsanani ita ce ta nono. A gidanmu ranar da aka ci kifi da rana, ba a dama fura sai dare ya yi nisa, ko a bari sai gobe. Iya ta yi imani haɗa su na kawo ciwon fata, kuma ba ita kaɗai ba ce, tsofaffin littattafan maganin Larabawa ma sun yi wannan gargaɗi. Likitocin yau ba su tabbatar da shi ba. Ni ina ganin dokar ta fi kama da taswirar fadama fiye da magani. Mutum biyu ne ke rayuwa a kan ruwa ɗaya: masunci yana ciki lokacin da ya cika, Bafulatani yana shigowa da shanu lokacin da ya janye ya bar ɗanyar ciyawa. Fulanin daji da yawa ba su damu da kifi ba. Kifi na da watanninsa, nono na da nasa, kowa da ƙwaryarsa. Ko a kasuwa, mai tallan nono ba ta sauke kayanta kusa da masu kifi, don nono na ɗaukar wari kamar auduga.

Fura kuwa ba abin kora ba ce, ita ce abincin da abin shan gaba ɗaya. Manomin da ya fita tun asuba, da rana ta take, ba tuwo yake so ba. Gero ne da aka daka da citta da kanumfari da barkono, aka dafa curi-curi, aka sake kirɓawa, aka dama da nono tsala mai tsami, ko kindirmo in aljihu ya yarda. Sauran kunuka kowanne da wurinsa. Kunun kanwa na mai jego ne, da gasasshen nama mai yaji. Kunun gyaɗa na safiyar hunturu ne da marar lafiyar da ya fara farfaɗowa. Koko na tafiya da ƙosai kowace safiya, amma da azumi sarauta ta kunun tsamiya ce, kuma ban san haɗin da ya kai wannan daidai ba: ƙosai mai zafi da ya sha mai, kunu mai tsami da ya sha citta, cikin da ya wuni babu komai. Wanda ya fara haɗa su bai bar suna ba.

Zoɓo labarinsa daban. A da ɗan rakiya ne, ana shuka yakuwa a gefen gona ta zama iyaka, a ci ganye, a yi daddawa da 'ya'yan, a jiƙa jan furen a sha da biki tare da waina ko dambu. Yanzu busasshen zoɓon Jigawa na taruwa a Maigatari da Kano, ya bi jirgin ruwa zuwa Meziko, inda suke jiƙa shi da ƙanƙara su kori abincinsu mai barkono da maiƙo.  Harshe ne ya kai su inda ya kai mu.

Abin da ya canja mana baki, a ganina, abu biyu ne, ruwa da sukari. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Chalawa a 1992. Ambaliyar da ke zuwa a kan lokaci ta koma zuwa yadda aka sake ta. Kachala ta toshe magudanai, wani wuri ya bushe, wani ya kasa bushewa, sannan a shekara irin 2022 ruwa ya zo gaba ɗaya ya ci gonaki da gidaje. Kifin fadama ya ragu, na gidan gona ya shigo, mai kitse fal ba ɗanɗano. Noman rani ya bunƙasa a wajen Auyo, shinkafa da alkama suka ture gero daga gonaki da yawa. Shayi, wanda sunansa ma daga Larabci muka aro, ya sauko daga gidajen fatake da attajirai ya kafa tebur a kowace tasha, da burodi da ƙwai da madarar gwangwani. Ba ni da faɗa da mai shayi, na sha zama a bencinsa. Faɗana da sukari ne. Kunun zaƙin da ake ɗurawa a robar ruwa yanzu ba tsiro a cikinsa, gasara ce da sukari. Zoɓon talla an cika shi da kayan ƙamshin kwalba har tsaminsa ya ɓace. Yaran gidana in an ba su ruwan tsamiya irin na Iya sai su yamutsa fuska su ce magani ne. Su ci soyayyen kifi su kora da lemon kwalba, zaƙi a kan maiƙo, su tashi suna cewa cikinsu ya yi nauyi.

Firiji ma ya shafe dokar tukunya. Kunu na kwana uku a cikinsa bai motsa ba, don haka babu dalilin kiran almajirai da isha'i. Sai ranar da aka ɗauke wuta.

Bara da kaka na je gida. Gwaggon nan tawa mai gora yanzu ita ce tsohuwar gidan, ita ake ce wa Iya. Wani ɗan'uwanmu ya kawo tarwaɗa uku daga fadama, baƙaƙe, suna motsi a bokiti. Ta sa aka kawo toka, ta zauna a kujera 'yar tsugune tana murza su da hannunta, ta aiki jikarta ta ɗebo tsamiya a ɗaki. Na ce, "Gwaggo, bari in aika a sayo lemo mai sanyi." Ba ta ɗago ba, ta ce, "Sayo wa yara. Kai dai ka jira naka ya jiƙa." Muka ci a tsakar gida bayan la'asar, ni da ita muna karɓa-karɓar ƙwarya ɗaya. Da dare na fito alwala sai na ga baƙar tukunyar a kife a gindin rumbu, bakinta ya ɗan ɓalle, ƙasan da ke kewaye da ita da sauran danshi.